Ranar da Baba Ya Ga Hannunsa a Wayar Wani

In dai ina da rai da hankalina, ba zan manta da wata safiyar Talata da na raka mahaifina kasuwar Tamale sayen zare ba. Shekaru sun shuɗe, na yi aure, na haihu, abubuwa da yawa sun same ni na manta da su, amma wannan safiyar tana nan yadda take. Har yau in hanya ta bi da ni ta layin masu batakari sai na sunkuyar da kai na ƙara sauri. Kuma abin da ya faru ranar, ba wani ya jawo shi ba, ni ce.

Mahaifina maɗinkin batakari ne, wato rigar saƙi ta maza irin ta mutanenmu. A Sabonjida muke zaune, shagonsa kuma yana Zogbeli, wani ɗan ɗaki mai ƙofa ɗaya da benci a waje. Yakan sayi saƙi wurin masaƙa, ya harhaɗa shi da hannu, sannan ya zauna ya yi masa aikin wuya. Maɗinka suna da yawa a garin nan, wasu ma sun fi shi sauri, amma akwai wani zanen wuya guda ɗaya da babu mai yin sa sai shi. In ka gan shi daga nesa kamar igiyoyi uku ne suka sarƙe, in ka matso sai ka rasa inda suka fara da inda suka ƙare. Mutane da dama sun ari rigar sun kai wa nasu maɗinkan, aka yi ta gwadawa, kullum sai ya fito a karkace. Sirrin yana cikin awon da jerin yadda ake bin layukan, shi kuwa wannan yana zane a jikin wasu tsofaffin takardun siminti da Baba ke ajiyewa cikin wani akwatin ƙarfe a ƙarƙashin teburinsa. Saboda wannan zanen dattawa ke tasowa daga Yendi da Savelugu su zo su jira shi wata biyu.

Lokacin da abin ya faru na gama makaranta, ban sami aikin kirki ba. Ina koyarwa ne na wucin gadi a wata firamare a Kalpohin. Kasuwar Baba kuma ta ja baya, don matasa sun koma sayen riguna masu araha na keke, dattawan da suka san darajar aikin hannu kuma suna ta raguwa. Wata rana in na biyo da yamma sai in tarar da shi zaune a benci, allura a hannu, babu wanda ya leƙo tun safe. Abin yana cin raina. Ni kaɗai gare shi, mahaifiyata ta rasu tun ina ƙarama, shi ya yi ta ɗinki har na yi karatu. Ina so in nuna masa cewa karatun bai tashi a banza ba.

A makarantar akwai wata malama 'yar kudu, Kirista, mai kirki ƙwarai, da muke cin abincin rana tare. Hausarta ta kasuwa ce, mace da namiji duk "kai" take ce musu. Ranar da ta ga hoton rigar Baba a wayata sai ta ajiye cokali.

"Sista, wannan baba naka ya yi? Da hannu? Kai kana zaune da wannan, kana kuka babu kasuwa?"

Ita ta nuna mini wata manhaja ta hotuna. Ba irin wadda ake hira da abokai ba ce. Mutum yakan shiga ya rubuta abin da yake nema, ɗinki ko girki ko kwalliyar ɗaki, sai hotuna su zubo masa. Wanda ya burge shi sai ya ajiye shi a allonsa, wato shafinsa na tara hotuna, wani ma ya gani a can ya ajiye a nasa, haka hoto zai yi ta tafiya. Ta ce 'yar'uwarta a Kumasi da manhajar take sayar da sarƙoƙin duwatsun ado har ƙasar waje. Ranar ko darasin yamma ban koyar da kyau ba, zuciyata ta riga ta tafi.

Da na gaya wa Baba, ya daɗe yana kallon wayar kamar wani abin da zai cije shi. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka "uwata" yake kirana.

"Uwata, ni ban san kan wannan abin ba. In kin ga zai taimaka, ki yi. Amma rigar da aka gama za ki ɗauka, wadda ko a titi kowa zai gani. Akwatin nan kuwa, babu ruwanki da shi."

Na ce to. Wallahi da zuciya ɗaya na faɗa.

Haka na fara, ban san komai ba. Hotunana na farko a cikin shago na ɗauke su, duhu, ga buta da tsintsiya a baya. Malamar ta yi dariya har da hawaye, sannan ta koya mini. Ta ce in fito da riga waje da safe kafin rana ta yi zafi, in rataye ta a jikin farin bangon maƙwabta, in ɗauki hoton a tsaye don ya cika fuskar waya. Ta ce kada in rubuta abin da ni nake so, in rubuta kalmomin da mai nema zai rubuta. Na buɗe alluna, na rigunan biki daban, na huluna daban. Kullum sai na sa hoto kafin in tafi makaranta. Ina cikin aji ina rubutu a allo, hankalina yana cikin jaka. Da an buga ƙararrawa sai in ciro waya in duba, in tarar ba kowa. Wata rana mutum biyu su ajiye, wata rana babu ko ɗaya, kuma ɗaya daga cikin biyun ma malamar ce.

Wata uku ina wannan abin. Baba bai taɓa yi mini gori ba, sai dai wani lokaci in ina naɗe riguna ya ce, "Mutanen wayar taki sun zo?" Da wasa yake yi, amma ni sai in ji kamar an soke ni.

Na kai kukana wurin malamar. Ta karɓi wayar ta dudduba, ta ce matsalar ita ce mutanen wurin ba saye ya fara kawo su ba, koyo ne. Suna son su ga yadda ake yin abu daga farko har ƙarshe. Wanda ya nuna musu haka shi suke bi, daga baya cikinsu a sami masu saye.

"Ka nuna musu hannu na baba yana aiki. Ɗaya, biyu, uku, har ya gama. Za ka gani."

Ita ba ta san da maganar akwati ba, ban taɓa gaya mata ba. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ɗora mata laifin da ba nata ba.

Na yi kwana da kwanaki ina juya maganar. Na ce wa kaina, su waye ma za su gani? Turawa ne da mutanen nesa, waɗanda ko saƙi ba su taɓa riƙewa ba. Na ce in ciniki ya buɗe, Baba da kansa zai yi murna, sai in gaya masa mu yi dariya. Yanzu da na girma na gane cewa duk wanda ya tsaya yana jera wa kansa dalilai irin waɗannan, ya riga ya san abin da zai yi ba daidai ba ne.

Wata Juma'a ba mu da makaranta, ya bar ni gadin shago ya tafi masallaci. Na jawo akwatin. Ko kwaɗo babu a jikinsa, don bai taɓa tunanin akwai wanda zai taɓa masa shi a shagonsa ba. Takardun sun yi laushi kamar tsumma, duk sun sha gumin hannu. Na fito da su waje inda haske yake, na shimfiɗa su ɗaya bayan ɗaya a kan benci, na ɗauke su tas, yadda malamar ta koya mini. Na mayar da su yadda na same su. Kwanakin da suka biyo baya kuma nakan zauna kusa da shi kamar ina karanta saƙo, alhali hannunsa nake ɗauka yana bin layukan. Na haɗa su a hoto ɗaya dogo, takardun a sama, hannunsa a ƙasa, rigar da aka gama a ƙarshe. Ko sunan shagonmu ban rubuta a jiki ba, ban san ana yi ba.

Cikin mako guda wayata ta ƙi yin shiru. Mutane suka yi ta ajiyewa, daga garuruwan da ban taɓa jin sunansu ba. Malamar ta rungume ni a ɗakin malamai tana tsalle. Ni ma na yi murna, ba zan yi ƙarya ba, irin murnar da ban taɓa yi ba. Har wani ya rubuto mini da Turanci mai ladabi, ya yaba aikin, ya ce takarda ta ƙarshe ba ta fito sosai ba, ko zan taimaka in turo masa mai haske. Na ɗauka babban mai saye ne yake son ya tabbatar. Na tura masa. Ya yi godiya, ban sake jin ɗuriyarsa ba.

Na zauna jiran masu saye. Mako ya wuce, wata ya wuce, wani watan ya bi. Hoton yana ta tafiya, amma ko hula ɗaya ba a saya ba. Wanda duk ya yi magana, tambaya yake yi a kan zare ko allura. A hankali murnar ta gushe. Na daina nuna wa malamar wayar.

Ana saura 'yan makonni babbar salla Baba ya ce in raka shi kasuwa, idonsa ya fara ba shi wahala wajen bambance launin zare. Muka hau yalo-yalo, babur ɗin haya mai ƙafa uku, muka sauka a bakin kasuwa. Hanyar masu zare ta cikin layin masu batakari take bi. Yana gaba ina binsa da leda, sai na ga ya tsaya cak.

A gaban wata rumfa an rataye riguna sun fi ashirin, jere, kala-kala. Kowacce da zanen Baba a wuyanta. Ba a karkace ba, ba kwaikwayo ba, shi ne sak, layi bisa layi. Sai dai zaren mai ƙyalli ne irin na keken kwamfuta, yadin kuma ba saƙi ba ne, bugawa aka yi ya yi kama da saƙi. Na waiga, rumfar da ke kallonta ma akwai su. Ta gaba ma haka.

Baba ya matsa ya kama wuyan ɗaya, ya bi shi da babban yatsa, ya juya cikinsa ya duba. Mai rumfar, wani magidanci mai fara'a, ya taso da sauri.

"Baba, sannu da zuwa. Idonka ya san abu mai kyau. Sabon yayi ke nan, jiya aka sauke mini su. Keke ke yin sa, kafin ka sha koko an gama wuya ɗaya."

"Wa ya zana muku shi?" in ji Baba. Muryarsa ba ta canza ba.

"Ai babu mai shi, Baba. A waya yake, kowa ɗauka yake yi. Tsaya ka gani."

Ya ciro wayarsa. Na so in ja Baba mu tafi, amma na makara. Mutumin ya shafa, ya shafa, ya miƙo masa. Hotona ne, wani ya sa sunan shagonsa a kai da manyan haruffa. Ga takardun siminti a kan bencinmu, har da tabon shayin da ke gefensa. Ga hannun Baba, da zoben azurfarsa, da ɗan yatsansa da ya lanƙwashe tun yana yaro.

"Ka gani? Wani tsoho ne can, an ce ɗan Mali ne ko Burkina. Allah ya yi masa albarka, ya buɗe mana kasuwa."

Baba ya riƙe wayar da hannun nan da ke cikin hoton. Mai rumfar bai lura ba, yana ta zuba. Ni ina kallon hannun biyu, na cikin waya da na waje, ina jin kamar ƙasa ta buɗe in shige. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya mayar wa mutumin wayarsa da hannu biyu, ya ce, "Allah ya ba da kasuwa." Bai dube ni ba.

Ba mu sayi zaren ba. A bakin titi na tsayar da yalo-yalo, ya ce in hau, shi zai taka. Ban hau ba. Na bi shi a baya tun daga kasuwa har Zogbeli, cikin rana, babura suna ta wuce mu, mutane suna gaishe shi yana amsawa kamar ba abin da ya faru. Ban taɓa lura ya tsufa haka ba sai ranar, da na ga bayansa.

Da muka isa ya buɗe shago, ya zauna, ya sha ruwa. Na durƙusa a bakin ƙofa ina kuka, ina cewa don in taimaka na yi. Ya bar ni har na gaji.

"Za ki iya cire shi?"

Na ce e. Na goge hoton, na goge allon gaba ɗaya, na nuna masa.

"To, nemo shi yadda mutumin can ya nemo."

Na rubuta kalmomin, waɗanda ni da kaina na zaɓa don a same shi da sauƙi. Ya fito. Na ja ƙasa, ya sake fitowa da sunan wani. Na ja, ga shi kuma da wani rubutu da ban ma san yaren ba. Ko'ina hannun Baba. Na yi ta ja ina kuka har ya ce, "Ya isa, uwata. Bar shi."

Sai ya ba ni labarin da bai taɓa ba ni ba. Ya ce shekara tara ya yi a gaban maigidansa yana haɗa saƙi da ƙulla bakin riga kafin a bar shi ya ga takardun nan. Ranar da aka nuna masa, maigidan ya sa shi ya yi alkawari ba zai ba kowa ba sai wanda ya zauna ya koya, ya san wahalarsa, don kada a wulaƙanta shi.

"Na yi ta jira a sami wanda zai zauna, ba a samu ba. Sai na ce ko ke. Na ga hannunki yana da natsuwa. Ina jira ne ki tambaye ni."

Da ya zage ni, da ya kore ni, da ya fi mini sauƙi. Kullum ina zaune kusa da shi da waya a hannu, ban taɓa cewa Baba koya mini ba.

Na yi iya ƙoƙarina bayan nan. Na rubuta wa masu manhajar, na cike takardun ƙorafi, malamar tana taimaka mini da Turanci tana share hawaye, tana cewa, "Sista, ni na sa ka." An sauke wasu hotunan, wasu suka maye gurbinsu. Masu shagunan da na rubuta wa, wasu ba su amsa ba, ɗaya ya ce in kawo shaidar cewa namu ne. Wace shaida gare ni, bayan ni na goge nawa da hannuna? Ko da ma an sauke su duka, keken ya riga ya haddace.

Abin da ya fi ƙona ni ya zo bayan salla. Wani dattijo daga Yendi, wanda ya shekara ashirin yana ɗinki wurin Baba, ya zo shagon ina nan. Ya ce ya sa rigarsa ya je idi, sai ga yaran tasha sanye da irin wuyanta. Ya ce ana ta faɗa cewa Baba ya sayar wa masu keke zanen.

"Ni dai na ce ba halinka ba ne. Amma ina so in ji daga bakinka."

Na buɗe baki zan ce ni ce, Baba ya ɗaga mini hannu.

"Ban sayar ba, Alhaji. Amma daga hannuna ya fita, ban tsare shi yadda ya kamata ba. Ka yi haƙuri."

Dattijon ya yi sallama, bai sake dawowa ba. Har Baba ya bar duniya bai gaya wa kowa ni ce ba. Mutanen unguwa da yawa sun tafi a kan cewa kwaɗayi ne ya kama shi da tsufa, kuma ya bar su a haka.

Bai sake yin zanen ba. Ya koma haɗa saƙi da gyaran tsofaffin riguna, wuyan da ya yage, aljihun da ya ɓalle. Ya ce ya yafe mini, kuma na san da gaske yake, don bai taɓa canza mini fuska ba, ranar aurena ma shi ya fi kowa kuka. Sai dai in na shigo shago yana ɗinki, sai in ga ya soke allurar a jikin yadi ya ajiye, ya juyo muna hira, ba zai ɗauka ba sai na fita. Ban jin ma ya san yana yi. Na taɓa roƙonsa ya koya mini, ya yi murmushi ya ce idon ya tafi, kuma me za a koya, abin da yake rataye a kowace rumfa. Shekara uku bayan nan ya rasu.

Yau aikin tallata kaya a waya nake ci da shi. Na iya shi sosai, ina sa wa mata masu man kaɗe da masu saƙar kwando kayansu a manhajar, ana saye har daga nesa. Mutane suna yabona, ni kuwa na san abin da na biya kafin in iya, kuma ba daga jikina aka cire ba, daga na Baba ne. Abin da na koya shi ne, gaggawar a gan ka takan sa ka bayar da abin da ba naka ba, kuma abin da ka saki a waya ba ya dawowa, ko ka yi kukan jini. Kyakkyawar niyya ba ta mayar da amanar da aka ci. Shi ya sa duk wadda ta kawo mini kayanta, kafin in ciro waya nakan tambaye ta me take so a gani, me kuma ba ta so a gani. In ta ce kada a ɗauki wani abu, ko da na san shi ne zai jawo mata duniya, sai in mayar da wayata cikin jaka.